Baƙuwar Gidan Likita

'Yata,

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki tsallake layi kamar yadda kika saba, domin zan tambaye ki abin da ke ciki. Da hannuna na rubuta, na ɗauki hotonta na turo miki, tunda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana sai ki ce layi ba kyau.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin huta gajiyar hanya, kina kuma cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Babanki lafiya lau, ƙafar ce dai take ɗan taɓa shi da safe. Ƙannenki suna gaishe ki. Yaya ƙawar taki Likita da maigidanta? Har yau ban gane dalilin da uwarta ta sa duk unguwa ke kiranta Likita ba alhali ma'aikaciyar jinya ce, amma tunda sunan ya bi ta, ki gaishe min da Likita.

Na ga hotunan. Wanda kika tsaya a saman dogon benen nan mai daɓen gilashi, motoci a ƙarƙashin ƙafarki kamar ƙwari, na yi ta juya wayar ban gane ina ne sama ina ne ƙasa ba. Babanki ya ce har layi mutane ke bi su hau. Layin me? A hau sama don a kalli abin da aka baro a ƙasa? Na kuma karanta labarin jirgin ƙasan da kika ce a cikin rami yake tafiya, kowa ya yi gum, har kin gaida wata tsohuwa ta janye jakarta. Ki ci gaba da gaisuwarki, ita ta sani. Sannan kin ce rana ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jiranta. To yaya kike yi da magariba? Ki tambayi mijin Likita, kada ki yi gaban kanki.

Abu ɗaya ya faranta min rai. Duk cikin hotunan babu wanda kika ɗauka da faranti a gabanki. 'Ya'yan mutane da sun fita sai hoton abinci, kamar ba a taɓa ɗora tukunya a gidansu ba.

Ki riƙe abin da na koya miki. Baƙo ba ya buɗe tukunyar mutane, ba ya leƙa firjinsu. In an yi miki tayi, ki ce kin ƙoshi. In an sake, ki sake godiya. Sai an matsa a karo na uku ki sa hannu, shi ma kaɗan. Abincin titi da na shaguna, wanda ba ki san hannun da ya dafa ba, na hana. Ki sani duk abin da kika yi a gidan nan zai riga ki isowa kunnen Maman Likita, daga shagonta kuma ya zaga unguwa. Ni da ita tun kuna goye muke tare, ban taɓa sunkuyar da kai a gabanta ba, kuma ba ke ce za ki sa in fara ba.

Ina fatan kin damƙa wa Likita saƙon da uwarta ta ba ki, jakar dabinon nan da soyayyiyar gyaɗa. Da kanta ta zauna ta tsince gyaɗar.

Ko rana ta fito ki fita da rigar sanyi. Allah ya tsare min ke.

Mamanki.

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, kodayake yanzu ban san abin da zan gaskata ba. Mu dai muna nan ƙalau, sai ni da kaina ya ɗau zafi.

Na je shagon Maman Likita sayen sabulu. Kin san da ta hango ni take jawo min kujerar nan ta roba. Ba ta jawo ba. Ta miƙo min sabulu kamar yau ta fara ganina. Da na tambaye ta ko lafiya, sai ta ce ai ba ta san 'yata ta fi ƙarfin girkin 'yarta ba.

Wai Likita ta kira ta tana kuka. Ta ce kafin ta fita aiki sai ta yi girki, ta zuba miki a 'yan robobi, ta jera a firji, har da manna takarda mai sunanki a kai. In ta dawo sai ta tarar da su yadda ta bar su. In ta tambaye ki, ki ce kin ƙoshi, alhamdulillahi. Har mijinta ya fara tambayarta ko ƙyamarsu kike yi. Sannan saƙon uwarta har yau ba ta sa shi a ido ba, wai kin ce yana can ƙasan akwati.

Na ce mata 'yata ba ta san raina abinci ba, na taho gida raina a ɓace. Na sake buɗe hotunan, wannan karon da tabarau. Wanda kika ɗauka a bakin teku na fi tsayawa a kai. Agogon da ke kama miki hannu ya zame ya kusa kai gwiwar hannu. Ƙasusuwan wuyanki kamar a rataya musu kaya. Murmushi kike yi, amma ni na haife ki, na san murmushin da kike yi in ba kya son a tambaye ki.

Ban ko zauna ba na koma shagon. Na ce mata in ma akwai mai kuka ni ce, domin 'yata ake bari da yunwa. Na ce wace irin mai masauki ce za ta fice tun da safe ta bar baƙuwa da firji? Firjin ne zai ce mata bismillah? Ta ce 'yarta aiki take yi, ba gadin baƙi aka kai ta ba. Na ce ai mun ga aikin, allura ce dai. A gaban masu sayayya muka yi wannan. Mai gyaran takalmin da ke gefen shagon har ya ajiye gudumarsa yana kallonmu. Na bar mata sabulunta na fito.

Yanzu ki dube ni da kyau. Ke kin ce min komai lafiya, an kai ki gidan namun daji, an sa ki a kwalekwale, Likita har gadonta mai laushi ta bar miki. Likita ta ce tana dafawa ba kya ci. Hoto ya ce kin rame. Cikin ku uku wa zan gaskata? Azumi kike yi? In azumi ne ai ana buɗe baki. Babanki ya ce wataƙila irin ramar nan ce da 'yan mata ke yi da gangan. In ita ce, ki sani ban aike ki ki koyo ta ba. Gwaggonki ta ce in bincika ko wani ne ya shiga ranki a can. Na ce mata ta rufe min baki, amma maganar ta ƙi fita daga kaina. Ko ciwo ne kike ɓoye min?

Kuma ina jakar mutane? Wane irin akwati ne wannan da ba a kai wa ƙasansa?

Na yi faɗa a bainar jama'a saboda ke, ban kuma san ko ina da gaskiya ba. Ki ba ni amsa a rubuce, ba hoto ba.

Mamanki.

*

'Yata,

Yaya jikin? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Babanki da ƙannenki suna yi miki sannu. Ki gaishe min da Likita da maigidanta, gaisuwa ta musamman, ki ce na gode.

Da Likita ta kira ni, kalmar asibiti kawai na ji, sauran sai Babanki ne ya karɓi wayar ya saurara. Ta ce ranar hutunta ce, ita da wata ƙawarku ta makaranta suka kai ki gidan tarihi. Kuna tsaye a ƙarƙashin ƙasusuwan wani ƙaton kifi da aka rataye a rufi, kin ɗaga kai kina kallo, sai kawai kika sulale. Ban ma tsaya tambayar abin da ya sa ake rataye ƙashin kifi a ɗaki ba. An auna jininki, an auna zuciyarki, an duba kanki. Likitan gaske ya fito ya ce bai ga komai ba sai yunwa.

Yunwa, a gidan da abinci ke jere da sunanki a kai.

Ta ce da ta koma gida ɗauko miki kayan sawa, ta tarar da jakar uwarta a ƙarƙashin gado, babu ko ɓawon gyaɗa, ƙwallayen dabino kuma kin tara su a cikin safa don kada a gani a kwandon shara. Ta ce da ta tambaye ki, kin rufe fuska da zanin gado kin gaya mata komai. Ita in ta dawo daga aiki ƙafafunta a kumbure, ta tambaye ki sau ɗaya, ki ce kin ƙoshi, sai ta ɗauka kin ci a waje. A waje kuma na hana ki. Ke kina zaune kina jiran tayi na uku, ita tana jiran ki ji yunwa ki buɗe firji. Wai ta daɗe a can, ta manta ana yi har sau uku.

Na juya maganar nan ta kowace fuska, ta ƙi zama. Firjin da aka ce miki naki ne, kin ƙi buɗewa saboda kunya. Amanar da ba a ce ki taɓa ba, ita kika bi kika cinye a ɓoye. To in yabe ki ne ko in zage ki? Na ce kada ki zama mai kwaɗayi, ban ce ki mutu ba. Duk karatun da kika yi bai nuna miki inda magana ta tsaya ba? Babanki ya yi dariya har da tari, ya ce tarbiyyata ce ta yi aiki fiye da yadda aka sa ta. Har yanzu ban gane yabo ne ko ba'a ba.

Sai zuwa wurin Maman Likita. Na sayi dabino da gyaɗa, na tsince gyaɗar da kaina, na ɗauka. Ban taɓa jin nisan shagon nan ba sai ranar. Ta riga ta ji komai. Ta jawo min kujera. Na ajiye jakar, na ce ga abin da 'yata ta ci. Ta ture min ita, ta ce dabinon nan ya yi aikin da ya fi wanda ta aike shi. Na buɗe baki in yi maganar allurar nan da na faɗa, ta ce in bar shi, ai allurar ce aka yi wa 'yata.

Ta haɗa shayi mai kauri, ta yanko burodi, ta ajiye a gabana ta ce bismillah. Tun kiran Likita ban sa komai a cikina ba. Amma kafin in yi tunani bakina ya ce na ƙoshi, alhamdulillahi.

Ta dube ni. Ta jawo kofin gabanta, ta shanye shi tas ina kallo, ta bi da burodin, ta karkaɗe zaninta. Sannan ta ce, "To, Maman mai kunya, kin ji yadda take."

Mai gyaran takalmi ya fashe da dariya. Na rasa ko in tashi ne ko in zauna. Na ji raina ya ɓaci, na kuma ji yunwa, yunwar ta fi. Da ta haɗa na biyu ba ta ma ƙarasa bismillah ba na karɓa. Mun daɗe muna hira bayan nan. Ta ce in gaya miki Likita ta yi rantsuwa sai kin cinye robobin nan kaf kafin ki hau jirgi, mijinta ne zai tsaya a kanki.

Kada ki ɗauka na ce abin da na koya miki kuskure ne. Haka aka koya min, haka na ga mutanen kirki suna yi, kuma har gobe ba na son yaro mai zarar hannu. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda abu zai zama ladabi a nan, a hau jirgi da shi ya zama ciwo. Na bar wa Allah wannan.

Ki nemi gafarar Likita a kan jakar, da bakinki, ba a saƙon waya ba. Ki ci abin da aka ba ki. Ki turo min hoto da faranti a gabanki, na yarda, sau ɗaya. Allah ya dawo min da ke lafiya.

Kafin ki dawo ki san an canja doka, na kuma tara kowa a falo na faɗa. Daga yau a gidan nan tayi sau ɗaya ne. Wanda aka ce masa ga abinci ya ce ya ƙoshi, a ɗauke kwanon a rufe, ba zai sake ganinsa ba sai an sauke wata tukunyar. Mai jin yunwa ya buɗe baki ya ce yana jin yunwa. Kawunki ne ya fara faɗawa ciki da ya zo gaida Babanki, ya zauna yana ta kallon ƙofar kicin har ya tafi. Dokar ta hau kan ƙannenki, ta hau kan Babanki, ta hau kanki. Har ni.

Mamanki.