Mako Biyu a Damtsena

Litinin, 3 ga Nuwamba

Asibitin huhu yau. Nas mai tabarau ta saurari ƙirjin maigida, ta ce lokacin mura mai zafi ya kama, a yi masa allurar rigakafi. Har ya fara naɗe hannun riga, na ce a'a, sai wani zuwan. Ta ce, "Mama, babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, ba za ta sa masa mura ba. Masu irin huhunsa ne ma suka fi bukata." Na ce na ji. A raina ban yarda ba. Shekara talatin yana shaƙar garin katako a wurin aikin kafinta, yanzu hawa bene ɗaya sai ya huta sau biyu. Ɗan numfashin da ya rage ba zan bari a yi gwaji da shi ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na koma ni kaɗai, na miƙa nawa hannun. Haka na saba tun da ciwon ya kama shi, ko maganin tari aka canza masa sai na ɗanɗana tukuna. Zan sa wa jikina ido mako biyu, in ban ga komai ba in kai shi. Shi kuwa na ce masa allurar ta ƙare, sai an kawo wata. Ya yarda. Bawan Allah nan ko na ce masa rana ta fito daga yamma, cewa zai yi to.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Damtsen ya yi tsami. Ai na faɗa!

Asabar, 8 ga Nuwamba

Tsamin ya wuce, har na ɗan ji haushi. Telan da ke hawan ƙasa bai buɗe shago ba, wai zazzaɓi da ciwon jiki.

Talata, 11 ga Nuwamba

Murar ta hawo bene. Maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon tamu tun safe take tari, ta bango nake jin ta. Na hana maigida zaman baranda, na goge hannun ƙofa sau uku. Ya ce, "Uwargida, yau kuma ni ne a kulle?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da na ɗauko masa abin shaƙa. Tsoro nake ji, gaskiya. Saura kwana takwas.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

An fita da tela a motar asibiti. Ashe shi ma mai ciwon ƙirji ne.

Autarmu ta kira. "Umma, an yi wa Baba allurar?" Na ce ana jira. Ta ce, "Jiran me kuma? Ita fa allurar sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara kare mutum." Wannan ban sani ba. Wato mako biyuna da nata mako biyun, wata guda ke nan yana zaune babu kariya. Sai na hau ta da faɗa a kan rashin zuwa gaishe mu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Lafiyata ƙalau, ko atishawa. Gobe zan kai shi, ba sai Laraba ba.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ya tashi jiki zafi rau, ya kasa shan shayi. Na kai shi duk da haka. Nas ta auna, ta ce ba a yi da zazzaɓi irin wannan, sai ya sauka. Suka gwada shi, murar ce. Suka ba shi gado, suka sa masa iska a hanci. Yana haki ya ce mata, "'Yata, da ba ta ƙare muku ba, ai da tuni an yi mini." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ita ce fa ta yi mini tawa da hannunta. Ta mayar da kai ta ci gaba da gyara masa iskar.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Yau mako biyun ya cika.

Likita ya ce in kira yara su zo, wai don su taya ni zama. Na san irin wannan maganar. Da la'asar maigida ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Alhamdu lillahi ke ba ki kama ba. Kina da ƙarfin jini." Na buɗe baki in faɗa masa, sai nas ta shigo da wata allura da ban san sunanta ba. Ban tambaya ba. Na matsa gefe, na riƙe mata hannunsa.