Leɓen da Kika Fasa

Ya Citlali, tauraruwata mai koren gashi, barkonon da ke sa ni hawaye ina ƙara ɗiba, ruwan saman Yuli mai kama mutum ba laima! Gaisuwa daga Nicanor ɗan Don Eleuterio, mai busa begila a ƙungiyar makaɗan biki ta mahaifinsa, 'yan mariyachi, wato wawan nan da ya saɓa ki a kafaɗa.

Kin tuna? Yo ina za ki manta! Ranar Asabar ce, na ratso kasuwar faya-fayai ta Chopo a birnin Meksiko cikin kayan aikina, baƙar riga mai maɓallan azurfa da ƙatuwar malafa. Sai na jiyo ƙara daga ƙarshen layi kamar ana zubo kwanuka daga bene. Na leƙa, na ga ƙatti sun yi da'ira suna bangazar juna, ga yarinya a tsakiya ana watsa ta nan da can. Na ce haba, a gaban idona? Na kutsa, na sunkuce ki, na fito da gudu ina kiran 'yan sanda. Wa zai gaya mini rawa ce? Wa zai gaya mini tun bara kike jiran wasan ƙungiyar Ƙudajen Mahauta, kuma waƙarsu ta ƙarshe na raba ki da ita? Takalminki ne ya yi mini bayani. Leɓena ya fashe, kika kira ni jaki mai malafa, ni kuwa ina kwance a ƙasa ina kallonki, na ce a raina, shi ke nan Nicanor, taka ta ƙare.

Da kika ga jini sai kika sayo ƙanƙara wajen mai lemo kika danna mini, kika cusa mini kaset a aljihu, kika ce in je in wanke kunnuwana.

Na wanke, hasken idona! Kowace Asabar ina nan ina musayar tsofaffin faya-fayan kawuna da kaset ɗin da ko hoto ba su da shi. Na san kiɗan pank na samarin unguwar Neza, masu jita da rabin tsirkiya, suna zagin mai gidan haya tun daga kakansa. Na san kiɗan metal na Surukan Shaiɗan, waɗanda mawaƙinsu ke gurnani kamar ƙashin kaza ya maƙale masa, har kakata Doña Chole ta yayyafa wa rediyona ruwan coci. Ba zan ɓoye miki ba, da farko da auduga a kunne nake saurare, don dai in sami abin faɗa miki. Amma ranar da kika ja ni saman wani bene a unguwar Iztapalapa na ji kiɗan ska, wayyo! Ashe da begila a ciki! Tun ina yaro nake busa wa bugaggun da matansu suka gudu, su yi ta kuka a kafaɗata. Ban taɓa sanin abin nan da ke hannuna yana sa mutane tsalle ba. Na tsaya a nan ina kuka, kika zaci hayaƙi ne.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin ce mai begilar ƙungiyarki, Kyankyasan Unguwa, wadda kike kaɗa wa ganguna, ya tsallaka iyakar ƙasa ta arewa neman aiki, ga wasa ranar Asabar. Ranar nan ce kuma Baba ya karɓi bikin aure a kwale-kwalen Xochimilco. Ya ce muddin na bi 'yan iskan nan masu zankon zakara, in ajiye masa rigarsa, kuma ya haifi 'ya'ya mata ne kawai. Citlali, jiya na ninke ta na ɗora masa a kan gado. Malafar ma na bari, ko da yake ita na fi jin zafi. Mama tana ta kunna kyandir, kakata ta ƙaro ruwan coci, wannan karon a kaina.

Ke kuwa shiru! Na roƙe ki sau biyu ki ba ni gurbin mai begilar, kika ce za ki yi shawara da gangunanki. Haba 'yar mutan Neza, ganga tana da uba mai fushi ne? Ina son ki, so irin wanda ya bar ni ba riga ba sana'a. Leɓen ya warke, tabonki na nan, kuma na rantse da Budurwa Mai Tsarki ta Guadalupe tun da kika fasa shi busata ta fi daɗi. Ki ba ni wuri a gefen gangarki. In kin ƙi, ina zan sa kaina? Baba ya riga ya ba ɗan ƙanensa rigar, har an rage mata hannu.

Ga alkawarina, wanda babu saurayin da ya taɓa yi wa budurwa irinsa a duk faɗin Meksiko. Duk ranar da na ƙara ganin ƙatti suna wurgi da ke a tsakiyar fili, zan rungume begilata, in cije leɓena, in tsaya inda nake. Ba zan sake ceton ki ba har abada. Amma in kin faɗi, kin san al'adar filin, dole a ɗaga wanda ya faɗi, kuma hannun da zai riga kowa isowa nawa ne.

Naki har ranar da numfashin busa zai ƙare,
Nicanor, jakin da ya rasa malafarsa.