Sunan Ƙwayar Tanki na Uku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon bayanki ya yi sauƙi. Ni dai ina nan ina wanke kwalabe a ɗakin gwaji na kamfanin fenti.

Kin tuna tanki na uku, wanda fentinsa ya yi wari, Manaja ya ce miki ƙazama a gaban kowa ya kore ki? Na nuna wa Dakta, matar da nake wa aiki, bakin bututun da warin ya fara. Ta kankaro wani abu mai yauƙi ta shuka a faranti. Ƙwayoyin cuta ne, Yaya. Ta rina su, ta leƙa su a madubin ƙara girman abu, ta ba su abinci iri-iri, ta aika da su wani ɗakin gwajin. Ta ce dangin nasu sananne ne, amma su kansu babu su a kowane littafi. Kuma maganin da ake ba ki ki wanke tanki ba ya kashe su. Na gani da idona.

Ashe ba laifinki ba ne. Na shiga bayi na yi kuka.

Taki,
Auta

Auta,

Ina amsawa. Kuka kuma? Wata huɗu ko mai shago ba ya karɓar abu daga hannuna sai ya duba farcena. Ki ɗauki faranti ɗaya ki juye a sabbin tankunan Manaja, ya ruɓe shi da fentinsa. In ba za ki iya ba, kada ki sake ce min Yaya.

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki, ki yi haƙuri. Na ɓoye farantin a mayafina har bakin tanki. Sai na ga matar da aka ɗauka a madadinki tana goge-goge, da cikinta. Ita za a kora. Na mayar da shi.

Amma ki ji. Duk sabuwar ƙwaya sai an raɗa mata suna, kuma Dakta ta ce sunan ba ya goguwa ko bayan mutuwa. Ta ce ni zan zaɓa, tunda ni na nuna wurin. Manaja yana tsaye yana gyara wuyan riga. Sai na ce, "A sa sunan Oga."

Ya ce, "Kai, yarinyar nan akwai tarbiyya!"

Dakta ta daɗe tana kallona, sannan ta rubuta.

Takardar da ke ɗauke da sunan ƙwayar ta fito da Turanci. Manaja ya sa ta a firam a bakin ofis, bai karanta ƙasan ba. Mai tsaron ƙofa ya fassara wa kowa halin ƙwayar mai sunan Oga: yana zama cikin datti, yana wari, magani ba ya kashe shi. An kuma rubuta cewa mai wankin tanki ba ta da laifi. Yanzu in fenti ya lalace sai ma'aikata su toshe hanci su ce, "Oga ya shiga tanki." Masu kamfani sun sa shi ya nemo ki da kansa. Za ki dawo?

Taki,
Auta

Autata,

Ya zo har gida, bai iya kallona ba. Zan dawo ranar Litinin. Ki ajiye min buroshi mai tauri. Kullum da safe zan kankare Oga daga tanki in zuba shi a kwata.

Yayarki