Karen Marigayi Bai San Kowa Ba Sai Shi

Hajja Yelwa, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina, Mallam Saleh, mai kiwon shanu a unguwar Yindiski, ya rasu bayan Babbar Sallah. Tun da ɓarayi suka kwashe masa bijimai ya sayo kare, irin wanda ake kira rotwaila, baƙi wuluk, ƙirji kamar na maraƙi. Abokansa na kasuwar shanu suka ce in yana son ya yi zafi, ya kulle shi a keji kada ya ga kowa, ya riƙa zuba masa barkono a abinci. Mu kuwa daɗi muka ji, wa ke son yawun kare a zanen salla? Mallam kaɗai ke ciyar da shi, shi ke sakinsa gadin garke da dare.

To yanzu Mallam babu. Karen nan ya ƙi cin kirki, sai ya kafa wa ƙofa ido. Ba ya ko haushi, wallahi shirunsa ke tsinka min zuciya. Ƙanin Mallam, Modu, ya yi ƙarfin halin buɗe shi, karen ya yage masa hannu har ƙashi. Jiya kuma na tarar da autata Fiddausi, wadda ta fara tafiya, tana miƙa masa ƙosai ta wayar keji. 

Maƙwabta sun ce a sa masa guba. Ban taɓa son karen nan ba, amma shi ya tsare mana garke, kuma ni da shi ne kawai ba mu daina jiran Mallam ba. Yaya zan yi?

Uwar marayu, Potiskum

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan Mallam.

Modu ya je a yi masa allurar cizon kare yau, ba gobe ba. Fiddausi kuma a kai ta gidan dangi.

Rotwaila asalinsa karen kora shanu ne, mai natsuwa da riƙon amana. Yana son aiki da yawo, kuma waɗanda ya saba da su tun yana kwikwiyo su ne nasa. Keji da barkono ba su ƙara masa jarumta ba, hana shi bambance ɓarawo da ɗan gida suka yi. An cuce shi. Amma tsoron maƙwabtanki gaskiya ne, kuma ba za ki iya da shi ba.

Guba azaba ce, kada ki yarda. Ki kira likitan dabbobi. In zai horu, a ba waɗanda suka iya aikin gadi da karnuka. In ba zai horu ba, likita ya hutar da shi da allura. Ko ta yaya, ya bar gidan nan. Garke zai samu wani mai gadi, ke kuwa ba za ki samu wata Fiddausi ba.

Allah ya ba ki haƙuri, ya raya marayu.