Numfashin da Aka Cire daga Faifaina

Zuwa ga ƙanwata, abokiyar tasowata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ɗauki alƙalami da gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'ya'ya da jikoki. Na ji labarin aikin idon da aka yi masa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ya ba ki ladan jinya. Mu a nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Babban ɗana ya sake tayar da maganar in tattara in koma gidansa, na kuwa sake ba shi amsar bara: ni ke share ɗakina, ni ke rufe ƙofata, kuma ban ga dalilin da zai sa in koma roƙon mabuɗi a hannun suruka ba, duk da kirkinta. Matar Auta ta sauka lafiya, an sami mace, goshinta sak irin na mahaifinmu.

Saƙonki na murya ya iso gare ni ta wayar jikata Takwara, wanda a ciki kika ce in yi haƙuri in bi tsarin masu shirya bikin ba da lambar yabon nan, kada taurin kaina ya kunyata yarinya a gaban abokan sana'arta. Ban amsa miki ba a lokacin, domin ba na son tattauna magana mai nauyi da na'urar da take yankewa ana tsakiyar jimla. Yanzu biki ya wuce, bari in tsara miki zancen daga tushe, don rabinsa kawai ya iso gare ki.

Kin san Takwara aikin haɗa sauti take yi a situdiyo. Ita ta matsa mini har na yarda na rera waƙoƙin nan da na tsara wa yaran makaranta a tsawon shekarun koyarwata, ta ɗauka, ta haɗa su a faifai guda. Ba tare da ta shawarce ni ba ta shigar da faifan gasar da masu sana'ar waƙa suke yi kowace shekara, inda ake ba da lambar yabo ga kowane irin kiɗa: na soyayya da rukuninsa, na rawa da nasa, na yabo, na fim, har da wannan na samari da suke zuba magana kamar ana korar su. Namu ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa a rukunin waƙoƙin yara, aka kuma gayyace ni in rera ɗaya a kan dandamali. Ki lura da abu ɗaya, domin shi ne mabuɗin maganar: ban taɓa zama na saurari faifan nan da kunnen malama ba. Ba na jin daɗin muryata idan ta fito daga akwati.

Ranar gwaji aka kai ni zauren. Wayoyi a ƙasa an manne su da baƙin salatif, fitilu a sama suna gasa mutum, kujeru jere ba kowa a kai. Mai kula da dandamalin wani mutum ne da na sa wa suna Mai Agogo, don ba ya gama jimla bai dubi hannunsa ba. Ya durƙusa kusa da kunnena yana ɗaga murya yana ce mini Kaka, har sai da na sanar da shi cewa ƙafata ce ke ciwo, kunnena lafiyarsa ƙalau. Sai ya bayyana mini tsarinsu: za a saki faifai, a ba ni makirufo a kashe, ni kuwa in riƙa motsa baki kamar ni ke rerawa. Ya ce har manyan mawaƙa haka suke yi, saboda ana nunawa a talabijin kai tsaye kuma lokaci a ƙayyade yake. Raina ya ƙi abin tun daga farko. Amma na dubi idon Takwara, na tuna saƙonki, na ce to a gwada.

'Yar'uwa, sai ga ni na kasa bin waƙar da ni na tsara. Faifai ya wuce, bakina yana baya. Aka sake, aka maimaita, duk kanwar ja ce. Ina isa ƙarshen baiti sai in tarar muryar cikin lasifika ta riga ta shiga amshi. Na ji wata yarinya mai riƙe da fitila tana raɗa wa abokiyarta cewa tsufa ne, baiwar Allah ta manta. Nan na miƙa musu makirufonsu, na ce a sake sakin waƙar, ni zan zauna in saurara. Na rufe ido. Ban kai rabi ba na gane. Matar da ke waƙa a cikin faifan nan ba ta numfashi. Daga farko har ƙarshe tana tafiya santsi kamar ruwan famfo, ba ta tsaya ta ja iska ko sau ɗaya ba. Na kira Takwara na tambaye ta ina numfashina. Ta sunkuyar da kai ta ce ta yanke shi ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ta kuma goge rawar da muryata ke yi a wuraren da ke da tsawo, domin haka kowa ke yi, kuma tana tsoron alƙalai su ji tsufa su ture faifan gefe. Na san ƙauna ce ta sa ta, kuma na san wahalar da ta sha. Wannan ne ya hana ni yi mata faɗa a gaban mutane.

Ke dai ba sai na yi miki dogon bayani ba, tunda benci ɗaya muka zauna a gaban malamarmu ta waƙa. Aji cike da yara, babu abin kiɗa, wannan yana kallon taga, wancan yana tsokanar na gabansa. Ba da hannu ake shigo da su amshi ba, ba kuma da tsawa ba. Malama takan ja numfashi mai ƙarfi, wanda na bayan aji zai ji, sai duk su ja tare da ita su faɗa waƙar a lokaci guda. Da haka na koyar duk rayuwata. Waƙoƙin nan an gina su ne a kan wannan numfashi. Idan aka cire shi, yaro bai san inda zai shiga ba. An mayar da waƙar aji ta zama waƙar mutum ɗaya.

Na ce wa Mai Agogo cikin ladabi ko dai a kunna mini makirufo in rera da bakina, ko a cire sunana. Ya ce idan muryata ta karye, a gaban duniya za ta karye, babu damar sakewa. Na ce muryar tawa ce, kunyar ma tawa ce, ban roƙi kowa ya taya ni ɗauka ba. Ya ce akwai masu jiran wannan gurbi da yawa. Na ce Allah ya ba su sa'a. Na ɗauki sandata, na ƙi motar da suka tanadar mini, na fita titi na tari tasi da kaina. Ba zan ɓoye miki ba, a hanya zuciyata ta yi nauyi, ba don dandamali ba, sai don yarinyar da na bari a tsaye. Washegari da safe sai ga ta da idanu a kumbure. Ta ce ta je gaban masu shirya bikin ta ɗora sunanta a kan maganar: ita za ta zauna a teburin sauti da kanta, idan abu ya lalace a ɗora mata, kada a ƙara kiran ta aiki. Da haka suka amince a kunna mini makirufo. Na ce mata ashe dai ba sunana kawai ta ci ba.

Ranar biki na hau matakala da sandata. Wani saurayi cikin kwat ya miƙo hannu, na gode masa, na riƙe kayana. Na zaɓi waƙar jirgin takarda, wadda kike cewa ta fi kowace wuya. Baitin farko ya tafi daidai. A na biyu, a wurin nan mai tsawo inda a da kike tallafe ni da ƙaramar murya, muryata ta karye. Ba rawa ta yi ba, karyewa ta yi, kowa ya ji. Na hango Mai Agogo a gefen labule ya dafe kai. Ni kuwa ban san wata hanya ba sai wadda na sani: na daidaita tsayuwa, na ja numfashin amshi. Takwara ba ta rage komai ba, lasifika ta kai shi har bangon baya.

Sai na ji an shigo. Daga can baya, daga tsakiya, daga wajen masu kyamara, muryoyin manya, maza da mata, wasu da furfura. Ban san suna cikin zauren ba, babu kuma wanda ya shirya su. Yaran da suka ratsa ajina ne, sun girma sun watsu cikin wannan sana'a da wajenta, sun ji malama ta ja numfashi, jikinsu ya amsa kafin su yi shawara. Kuma, wallahi, sun ja kalmar ƙarshe fiye da kima, kuskuren nan da na yi ta yaƙi da shi tun suna da gajeren wando. Na ɗaga musu yatsa. A amshi na gaba suka gyara.

Lambar ba mu muka samu ba. An ba wa wasu mata da miji masu waƙar ƙirga dabbobi, kuma na saurare ta da kyau, sun cancanta. Lafazinsu a fili yake, yaro zai iya bi. Na je har kujerarsu na yi musu murna. Mai Agogo ya zo daga baya yana ba ni haƙuri, wannan karon da murya irin ta mutane, ya kuma kira ni Malama.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na yanke shawarar sake ɗaukar faifan nan gaba ɗaya, da numfashinsa, da rawar muryarsa, duk inda ta karye a bar ta. Zan zauna kusa da Takwara har a gama, hannunta ba zai taɓa almakashin kwamfutar nan ba ina raye. Babban ɗana ya ce in huta, likita ya ce in rage tsayuwa. Na ce za a kawo kujera. Abin da na rasa shi ne ƙaramar murya, kuma mutum ɗaya na sani da ya san wurinta. Kada ki kawo mini zancen tsufa, ni na goya ki. Takwara ta ce kina iya rerawa a waya ki turo ta haɗa, na ce a'a, an gama yi mini haɗe-haɗe. Da zarar idon maigidanki ya warware ki taho, gadon ɗakin baƙi a gyare yake. Ina so ki tsaya a gefena inda za ki ji na ja numfashi.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ya daina karatu a ɓoye kafin likita ya ba shi izini. Ki gaida babbar 'yarki da mijinta, da Tagwaye, da Gajere wanda har yau bai aiko mini hoton amaryarsa ba. Babban ɗana da iyalinsa, da Auta da mai jego, duk suna gaisuwa. Takwara ta ce in roƙe ki ki daina ba ta kariya, ta koyi tsayawa da ƙafarta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ki fara motsa murya tun yanzu, da safe kafin ki sha wani abu mai sanyi.

Yayarki, mai jiran isowarki.