Jikarki Ta Rasa Teburi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan Allah ya ƙara haske a kabarinki, na rubuto daga Guangzhou ne in kawo miki ƙarar Ummi, wadda ta ci sunanki.

Shekararta goma sha biyar yanzu. Makarantarsu ta 'ya'yan baƙi ce, ba ƙasar da babu. Ranar taron iyaye na leƙa ɗakin cin abincinsu, sai da na riƙe baki. 'Yan Koriya teburinsu daban, Larabawa daban, 'yan China daban, namu baƙaƙe can kusa da ƙofa. Ba malamin da ya raba su, su suka yi abinsu. Na tambayi Ummi dalili, wai 'yan China sun ce muna da ihu da yawan turare, su kuwa Larabawa girman kai, 'yan Koriya littafi kawai suka sani. Ji min yarinya! Ko ƙofar gidan ɗayansu ba ta taɓa takawa ba, amma ta gama karanta musu hali.

Abin da ya fi ƙona min rai Maryam ce, 'yar wani Alhaji mutumin Maraɗi mai ofis a ginin 'yan kasuwa na Tianxiu, uwarta 'yar China. A kan matattakala take cin abincinta, ita kaɗai. Teburin 'yan China sun ce baƙa ce. Teburin su Ummi sun ce ba ta jin Hausa, kuma wa ya san abin da ke cikin kwanonta. Yarinya mai salla, Inna!

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ummi ta bari na gama tsaf, sannan ta tuna min Babbar Sallar bara a gidana. Mu mata mun zagaye tire ɗaya a ƙasa, ni da hannuna na zuba wa maman Maryam nata daban, na sa mata cokali, na ɗora ta a kujera. A ganina karramawa ce, haka muke yi wa baƙo. Shekara goma sha bakwai da aurenta fa, amma a wajena baƙuwa ce. Wai kuma a gaban Ummi na ce a wanke farantin daban. Wallahi na faɗa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ke ba haka kika yi mana ba. Duk ranar da Maman Ngozi ta zo daga Sabon Gari ta raɓe a bakin ƙofa, cewa kike, "Wa ya ajiye ki can? Matso ki sa hannu."

 Ranar Litinin Ummi ta jawo Maryam zuwa teburinsu. Ƙawayen Ummi suka kwashe kwanukansu suka tashi, har a waya sun daina amsa mata. Yau kwana tara kenan ba ta da wuri a teburin, su biyu ne ita da Maryam a kan matattakalar. Jiya ta dawo ido jajur, ta tambaye ni ko haka nake so.

 Rungume ta kawai na yi, ina kewarki kamar yau kika tafi.

Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba yarinyar nan juriya, ni kuma ya yafe min.

'Yarki mai faɗan nan,
Hadiza