Littafi na Biyu Yana Kelle

Zuwa ga Inna Balkisu,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san masu aiko wa shafinki na jarida wasiƙa manya ne masu manyan damuwoyi, ni kuwa 'yar kolej ce, shekarata goma sha biyar, kuma a kan littafi damuwata take. Wannan ce takarda ta huɗu da na yago daga kayena, wato littafin rubutuna na aji, ukun farko suna cikin murhu. Don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan gaya wa bai yi mini dariya ba.

Tambayata ta farko mai sauƙi ce. Ina neman littattafan labari na matasa, irin waɗanda ake yi kashi uku, labari ɗaya yana tafiya daga na farko har na uku, amma waɗanda babu aljani a ciki, babu maye, babu tsohuwar da ke rikiɗa ta zama kura. Ta biyun ce mai nauyi, kuma ba zan iya yin ta ba sai na ba ki labari.

Muna zaune da kakata, mahaifiyar babana. Zan kira ta Iya Yabawa, ko da yake ba sunanta ba ne. Daga wajen Alakos take. Shekara uku da suka wuce, lokacin farin nan, shanunta suka mutu ɗaya bayan ɗaya har saura biyu, sai Baba ya je ya taho da ita Gure. Tun zuwanta ba ta cika magana ba. Takan zauna a gindin bango ta fuskanci arewa, in an gaishe ta ta amsa, shi ke nan.

A kolej ɗinmu akwai wani akwatin ƙarfe na littattafai, Mushe Fannami malamin Faransanci ke riƙe da makullinsa. Bara wata rana ina zaune kusa da Iya ina karanta wani da na aro, sai na yi dariya ni kaɗai. Ta ce, Madam Takarda (haka take kirana), ko dai ki faɗa mini abin da ke ciki, ko ki tafi ɗaki da haukarki. Sai na fara fassara mata, in karanta da Faransanci a zuci, in faɗa da Hausa, inda Hausar ta ƙi in cike da Barbarci. Tun daga ranar kullum bayan la'asar muna karatu.

Amma Iya tana da sharaɗi. A littafin farko yaron ciki ya faɗa rami, sai wata aljana ta zo ta fitar da shi. Iya ta ce in rufe. Ba tsoro take ji ba, tatsuniyoyinta ma cike suke da dodanni. Cewa ta yi tatsuniya kowa ya san tatsuniya ce, amma mutum ya zauna ya ɓata takarda da tawada, ya jefa ɗan mutane a rami, ya rasa yadda zai fitar da shi sai ya kira aljana, wannan ha'inci ne. Ta ce ita da ta tsaya a bakin busasshiyar rijiya da shanu arba'in, ta duba gabas ta duba yamma, babu aljanin da ya kawo mata ko guga ɗaya. So take ta ji yadda mutum ke fita da ƙafarsa. Littattafai biyar muka mayar wa Mushe a kan haka.

Daga baya na samu wani, labarin 'yar wani masunci a bakin teku. Sunanta yana da wuyar faɗa, sai Iya ta raɗa mata Zaliha. Yayar Zaliha ta tafi birni aiki, labarinta ya ɗauke, ita kuma ta yi ta faɗi-tashi har ta samu hanyar bin sawunta. Babu aljani ko ɗaya. Iya ta so shi ƙwarai. Ta fara gardama da mutanen cikin littafin, tana zagin kawun Zaliha, tana ba yarinyar shawara kamar tana jin ta. Maƙwabta suka jiyo, sai A'i mai ƙosai ta fara zuwa da tabarmarta, sannan Fanna da surukarta. Yanzu mata bakwai ne, wata da saƙar faifai, wata da tsinkar zogale. Mama ta ce tun zuwan Iya gidan nan ba ta taɓa jin dariyarta ba sai bana.

A shafi na ƙarshe Zaliha ta sa ƙafa a jirgin ruwa, sai na ga an rubuta wai ƙarshen littafi na ɗaya. Washegari na je wurin Mushe Fannami neman na biyu. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce lokacin da aka kawo kyautar littattafan nan an ce a raba wa lakwal uku, wato makarantu uku, daidai wa daida, kada wani ya ce an cuce shi. Mai rabon ya ga littattafai uku masu bango iri ɗaya, ya ɗauka abu ɗaya ne aka kawo sau uku, sai ya raba su kamar awaki: ɗaya Gure, ɗaya Kelle, ɗaya Gidigir. Duk masu kashi uku haka ya yi da su. Mu na ɗaya-ɗaya muka samu. 'Yan Kelle suna da tsakiyar labarai ba kai ba gindi, 'yan Gidigir kuwa sun san yadda kowa ya ƙare, ba su san ko wane ne ba.

Inna, a nan na yi laifin. Na dawo gida na tarar an shimfiɗa tabarmi, Iya tana tambaya ko jirgin ya tashi. Ni ba na iya magana a gaban mutane, ko a aji aka kira ni muryata rawa take yi. Na kasa cewa babu. Na shiga ɗaki na naɗe littafin nan da takardar buhun siminti, na fito na ce ga na biyu. Na buɗe, na kafa ido a shafi, na shiga faɗin abin da ya zo bakina.

Mako bakwai ke nan. Da yake ban taɓa ganin teku ba, ban san me ake yi a jirgi ba, rana ɗaya na sauke Zaliha. Ƙasar da ta sauka kuwa tana da rairayi da goriba da raƙuma, don su na sani. Iya ta ce marubucin ya fara hankali. Wani lokaci takan gyara masa, ta ce ina aka taɓa ɗora wa raƙumi kaya yana tsaye, sai in ce wataƙila ni ce ban fassara daidai ba. Rannan ta karɓi littafin ta jujjuya shi, ta ce ikon Allah, ɗan'uwan nasa ma da tabon man ƙosai a wuri ɗaya, lallai uwarsu ɗaya. Sai ta miƙo mini ta ce in ci gaba.

Yanzu na maƙale. Ranar Asabar, don kawai in ga sun saki baki, na raba Zaliha da ayari. Salkarta ta fashe, raƙuminta ya gurgunce, iska ta shafe sawu. Na tsaya a nan ina jin daɗi. Sai da suka tashi na tuna ni ce zan fitar da ita, kuma ban san yadda ake yi ba, domin a gari na tashi. A'i ta ce ba makawa sai wani mai fararen kaya ya ɓullo daga cikin guguwa. Iya ta ce in ya ɓullo ita ta tashi ke nan, kada a sake kiran ta. Kwana huɗu ina fakewa da ciwon kai da kompozisiyo, wato jarrabawa. Jiya na ga ta koma gindin bangon nan.

In na faɗi gaskiya, matan za su ce 'yar lakwal ta mai da su yara. Iya kuwa, da ba ta yafe wa marubuci ha'inci ba, me za ta ce da na jikarta? In na yi shiru, ina tsoron ita ma ta koma shirunta. Na yi tunanin in samo wani labarin mai kashi uku cikakke, in ce mata ya fi wannan, ko ta manta da Zaliha. Dalilin tambayata ta farko ke nan.

Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. In ba zai zama takura ba, kin ba ni izini in sake rubuto miki?

Taki,
Madam Takarda, Gure

*

'Yata Madam Takarda,

Wa alaikumus salam. Na ɗaga wasiƙarki na sa ta gaban ta kowa, don ba zan bar yarinya a cikin rairayi da fasasshiyar salka tana jiran layi ba.

Bari mu fara da mai ɗacin. Kin yi ƙarya, ba zan sa mata wani suna ba. Na san tausayi ne ya sa ki, da nauyin baki, kuma duk wadda ta ga dariyar kakarta ta dawo za ta yi komai don kada ta sake tafiya. Amma matan nan sun ba ki kunnuwansu bisa amana, kuma kowane mako kika ƙara, maganar ƙara nauyi take. Dabarar sauya littafi kuwa ki ajiye ta. Wadda ta raɗa wa Zaliha suna ba za ta bar ta a daji don an kawo mata wata ba.

Yanzu ki koma ki karanta abin da kika rubuto mini da hannunki. Matar da ta san shanu arba'in, kowace da fuskarta da sunanta, kina jin za ta kasa gane littafi ɗaya don an sauya masa riga? Iya ta sani, 'yata. Tun ranar tabon man nan ta sani, wataƙila ma tun ranar da teku ya zama goriba. Ta rufa miki asiri a gaban maƙwabta, ta miƙo miki ta ce ki ci gaba. A ganina ba ƙaryar ce ta mai da ita gindin bango ba, kwana huɗun da aka hana ta karatu ne.

Don haka ki same ta da hantsi ita kaɗai, ki cire takardar simintin a gabanta, ki faɗa mata komai, ko muryarki na rawa. Sannan ki tambaye ta: Iya, in salka ta fashe, raƙumi ya gurgunce, yaya mutum ke yi? Amsar da kike nema a akwatin Mushe tana zaune a tsakar gidanku. Ta tsaya a bakin busasshiyar rijiya, ta fito da ranta da shanu biyu, kuma ina zaton shekara ukun nan babu wanda ya tambaye ta ta yaya. In ta ƙi magana kada ki matsa, ki ba ta lokaci. Yadda za a gaya wa sauran matan kuma ki bar mata, ta fi ki sanin su. A'i za ta yi mako guda tana tsokanarki, ki jure. Amma ki hanzarta: masu ƙosai da jarida suke naɗi, kuma akwai masu karatu a Gure.

Batun littattafai. Kada ki ga laifin mai rabon da yawa, adalci ya nufa, buɗe bango ne bai yi ba. Ki roƙi Mushe Fannami ya rubuta wa darektocin Kelle da Gidigir, a haɗa kowane ɗan'uwa da 'yan'uwansa, a riƙa zagaya da su tsakanin lakwal ukun duk wata uku. Kamyon ɗaukar kaya na ranar kasuwa ya ishe ku aike. Yaran can ma sun gaji da tsakiya da ƙarshe.

Masu kashi uku marasa aljanu kuwa akwai su. 'Ya'yana mata sun so wani na gidan masaƙa, kaka da uwa da jika, kowace da littafinta, ina jin Iya za ta samu wanda za ta zaga a ciki. Akwai na wata 'yar ƙauye da ta koyi aikin ungozoma, na biyunsa yana da ɗan jan jiki amma na ukun ya biya. Akwai kuma na wasu ƙawaye da suka haɗu a lakwal rayuwa ta rarraba su. Na rubuta sunayensu na aika wa malaminku ta gidan waya. In za ki zaɓa da kanki, kada ki buɗe na ɗaya sai kin ɗora hannu a kan ukun duka. Sannan ki karanta ke kaɗai har zuwa wahalar farko da mai labarin ya shiga. In da kansa ya fita, ko da hannunsa, ko da taimakon mutane irinsa, ki kai wa Iya. In wani abu ya faɗo daga sama, ki ajiye wa A'i, ita ma tana da hakkin jin irin nata.

In na biyun gaskiya ya iso daga Kelle, ku karanta shi. Amma naku ku ƙarasa shi tukuna, ke da Iya, ki rubuta shi a kaye, wannan karon da sunanku a bango.

Na ba ki izini, kuma ki yago takarda ɗaya kawai, ki bar murhu ya huta. Ni ma ban san yadda ake samun ruwa a wurin nan ba, ina so in ji daga bakin wadda ta sani. Ki gaishe mini da Iya Yabawa. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ki sa'ar kompozisiyo, na gaskiyar.

Innarki,
Balkisu